Da Ƙarfe Nawa Ka Auna?

Tun ranar da aka ɗaga Malama da kekenta na guragu a ƙofar asibiti ta rantse ita da fita sun yi hannun riga. Matakala uku ce kacal, amma babu gangara, sai wasu ƙarti huɗu suka zo taimako suka cicciɓi keken, wannan yana cewa a ɗaga ta nan, wancan yana cewa a yi hankali da ƙafarta, kamar masu sauke buhun siminti. Abin da ya fi yi mata ciwo, biyu daga cikinsu ɗalibanta ne na da. Shekara talatin tana shugabar makarantar firamare, rabin unguwar ta hannunta suka bi, yau ga ta a sama ana shawara a kanta. Da suka dawo gida ta gaya wa mijinta, da bakin nan da shanyewar ɓarin jiki ta ɗan karkatar, cewa ba ta ƙara zuwa ko'ina sai inda keken zai shiga da tayoyinsa ya fito da tayoyinsa. Wata goma sha huɗu ke nan, kuma Malama ba ta magana biyu.

Mijin nata shi ake kira Mai Wasiƙa, don a gidan waya ya yi aiki har ya yi ritaya, kuma babu ƙofar da bai taɓa ƙwanƙwasawa ba a wannan yanki. Mutum ne mai haƙuri, amma zaman gida ya mai da shi ɗan sa ido. Malama ta motsa ya tambayi me take so, ta yi tari ya kawo ruwa, ta yi shiru ya tambayi me ya faru. Autarsu da ke aikin jinya a wani gari ta zo hutu, ta ga in aka bar su haka wata rana uwar za ta jefi uban da kofi, sai ta karɓi wayarsa ta sa masa wata manhaja. Ta ce taswira ce ta intanet da kowa ke iya gyarawa. Ka taɓa shago ka rubuta sunansa, da abin da ake sayarwa, da lokacin buɗewa da rufewa, ko akwai wurin zama, ko akwai banɗaki. Can ƙasa kuma akwai wata tambaya: shin keken guragu yana shiga? Amsa uku ce, e, ko a'a, ko da ƙyar.

Auta dai so take ta sama wa tsoho abin yi. Shi kuwa da ya ga tambayar nan ta ƙarshe sai ya cire tabarau ya goge ya mayar, ya ce ta bar masa wayar.

Washegari ya auna keken Malama daga taya zuwa taya, santimita sittin da shida. Ya rubuta a bangon wani ɗan littafi, ya zura tef ɗin awo a aljihu, ya kama aiki haiƙan. Tsarinsa na gidan waya bai bar shi ba: ƙarfe shida da rabi ya ba Malama shayi da magani, bakwai saura yana kan titi, tara ya dawo gida kafin rana ta yi zafi. Daga nan kuma ba ya leƙa ko ƙofar gida, don akwai wanka, akwai motsa hannu da ƙafa da likita ya ce a riƙa yi mata, akwai abincin rana. Da farko masu shaguna sun sha jinin jikinsu. Mai aski ya gan shi durƙushe yana auna bakin ƙofa, ya ɗauka masu faɗaɗa titi ne suka aiko shi, har ya fara rantsuwa cewa shagonsa bai ci ko taku ɗaya na hanya ba. Da suka gane sai abin ya zama na dariya, suna hango shi su ce ga injiniya nan, a buɗe masa ƙofa.

Cikin wata biyu ya sa shaguna arba'in da bakwai a taswira, kowanne da bayaninsa tsaf. Goma sha ɗaya ne suka sami e. A cikinsu babu wanda ya kwanta masa a rai kamar gidan abincin Dogo da ke bakin mahaɗa. Babu matakala ko ɗaya, an rufe lambatun gaban da siminti sumul, ƙofar kuma mai ƙyaure biyu ce, faɗinta ɗari da ashirin da takwas, keke biyu ma sa kusa jerawa. Har banɗakin ya shiga ya auna, ya sami ƙofarsa da faɗi. Ga shi Dogo ɗalibin Malama ne, ko da yake yanzu shi ma furfura ta fara yi masa sallama.

Ya kai wa Malama littafin. Ta duba shi yadda take duba aikin gida, da hannunta mai lafiya tana bin layi, ta tambayi tsayin tebur, ta tambayi ramukan da ke tsakanin gidansu da mahaɗar, ta sa ya sake auna keken a gabanta. Sannan ta rufe littafin.

"Ranar Asabar, abincin rana," in ji ta. "Sau ɗaya, Malam. In wani ya sa hannu a keken nan, kada ka ƙara yi mini zancen fita har in mutu."

Ya ce ya ji ya yarda. Ranar har waƙa ya yi a wajen wanke kofuna, abin da rabonsa da yi tun yara suna ƙanana.

Ranar Litinin ya buɗe taswira don kawai ya kalli aikinsa, sai ya ga e ɗin gidan Dogo ya koma a'a. Ya ɗauka yatsansa ne ya zame, ya gyara. Talata da safe a'a ta dawo. Nan fa ransa ya ɓaci. Ya tafi ƙarfe bakwai ya tarar ana share gidan abincin, ƙofa a wangale, ya ja tef: ɗari da ashirin da takwas, ko ɗigo bai ragu ba. Ya mayar da e, har da ƙarin bayani cewa an auna sau biyu. Kafin la'asar an sake juya masa.

Auta ta taɓa nuna masa inda ake ganin wanda ya yi gyara. Ya lalubo wurin, ya ga sunan da mutumin ya sa wa kansa: Mai Taya Huɗu. Wane ne kuma wannan? Da farko ya zargi mai gidan abincin da ke tsallaken titi, don an san ba sa ga maciji da Dogo. Sai dai wancan bawan Allah ko saƙo ba ya iya turawa sai an taya shi. Ya zargi masu zaman banza da ke ɓata aikin mutane don nishaɗi. Amma da ya shiga jerin gyare-gyaren Mai Taya Huɗu sai fushin ya fara sauka, son sani ya hau. Wannan ba ɗan wasa ba ne. Ya fi shekara uku yana aikin, kuma bayanansa gajeru ne, babu gaisuwa babu ado. A wani kemis ya rubuta cewa gangarar ta cika tsayi, sai da mai turawa. A wani shagon ɗinki ya rubuta cewa ba a shiga, amma telan yana fitowa ya auna mutum a waje ba tare da ya haɗa rai ba. A wani banki kuwa kalma biyu ya bari: kada ka.

Mai Wasiƙa ya zauna yana bin ɗigogin nan a taswira kamar mai bin sawu. Ga inda mutumin ke sayen magani, ga inda yake gyaran waya, ga wani shagon zare da allura da ya koma wa har sau huɗu. To namiji ne ko mace? Yaro ko babba? A ina yake kwana, tunda ɗigogin sun fi yawa wajen tsohuwar tasha? Shekara talatin da biyar yana kai wa mutane wasiƙa, ya saba sanin mutum daga rubutun bayan ambulan, amma wannan ya gagare shi. Abu ɗaya dai ya tabbata, mai wannan rubutu a zaune yake ganin duniya, kuma bai cika kuskure ba. To me ya gani a ƙofar Dogo da tef bai gani ba?

Ranar Laraba ya rubuta masa saƙo ta cikin manhajar. Wasiƙa ce sosai, da gaisuwa layi uku, da tambayar iyali, da bayanin shekarunsa a gidan waya, da lambobin awo, sannan ya rufe da cewa yana jiran amsa cikin girmamawa. Ya ɗauki kusan awa yana danna ta da yatsa ɗaya. Ko minti biyar ba a yi ba amsa ta shigo.

"Baba, da ƙarfe nawa ka auna?"

Ya karanta ya sake karantawa. Abin da ya fara ba shi haushi shi ne yadda aka yi aka san shi Baba ne. Na biyu kuma, ina ruwan ƙofa da agogo? Ƙofa ai ƙofa ce, ba roba ba ce da za ta miƙe da safe ta tsuke da rana. Ya ajiye wayar ya je ya yi wa Malama motsa ƙafa, amma tambayar ta tsaya masa a rai, har ya ƙirga ashirin sau biyu a ƙafa ɗaya, Malama ta ce in lissafin ya gudu ne ta ara masa nata.

Ranar Alhamis, bayan ya ba ta abincin rana, ya roƙi maƙwabciyarsu ta shigo ta zauna da ita, ya ɗauki tef ya fita ƙarfe ɗaya. Rabonsa da ganin titin a wannan lokaci tun kafin ciwon.

Wallahi da ba don ya san hanya ba da ya ce ɓata ya yi. Titin da ya sani fili ne fetal, shararre, kowane shago da bakinsa a buɗe. Wannan kuwa wani gari ne daban. Mai kayan roba ya baje bokitai da robobi har bakin kwalta. Gaban kemis, inda ya yaba wa gangara, babura bakwai ne a jere kamar an shuka su. Mai gyaran waya ya fito da tebur da lema ya dasa a tsakiyar hanyar ƙafa. Mai aski ya ja janareto ya ɗaure da sarƙa daidai bakin ƙofa, yana ta hayaƙi. Tsoho ya riƙa ratsawa a kaikaice yana riƙe da aljihun tef.

Da ya iso mahaɗa bai ma buƙaci awo ba. A gurbin ƙyaure na biyu na ƙofar Dogo wani ƙaton firji ne tsaye, fari, ya fi mutum tsayi, fuskarsa na kallon titi, cike da kwalaben lemo da ruwan sanyi. Masu cin abinci ta gefe guda suke shiga, mai ƙiba ma sai ya karkace. Duk da haka ya durƙusa ya ja tef, don shi ba ya rubuta abin da bai auna ba. Sittin da ɗaya. Keken Malama sittin da shida ne.

Dogo ya fito yana goge hannu, ya gaishe shi, ya ga fuskarsa ya tambaya ko lafiya. Da ya ji zancen sai ya yi bayani hankali kwance, don shi a wurinsa ba labari ba ne. Kullum in an tashi da yamma ƙarfe shida ana kwashe kwalaben a ja firjin ciki don a kulle ƙofa. Da safe a buɗe ƙyaure biyun a yi shara a shigo da buhuna. Ƙarfe goma a tura shi gurbinsa a loda shi, don masu wucewa su saya daga waje. In ya cika kuwa ko mutum huɗu ba sa motsa shi. Shekara shida ke nan ana haka, kuma duk zuwan da Baba ya yi da tef ba wanda ya kawo a ransa cewa abincin rana ake auna wa.

Jin Malama ce za ta zo, Dogo ya buga ƙirji. Ya ce wannan ai ba matsala ba ce, shi da ma'aikatansa za su ɗauke ta cak da hannu su shigar, a naɗe keken a bi da shi, matar da ta koya masa rubuta sunansa ai ko a ka ya ɗauke ta bai biya ba. In kuma ba ta so, a kwashe kwalabe ɗari biyun a gaban kowa a ja firjin, masu ci su jira. Mai Wasiƙa ya yi masa godiya, ya ce zai yi shawara. A ransa ya san duka biyun abu ɗaya ne a wurin Malama, a taru a kanta ana hidima mutane suna kallo.

Bai koma gida ba sai da ya zagaya sauran goman. Biyu ne kawai suka tsira. Ya sami benci a inuwar wani shago ya zauna, ya shiga gyara aikinsa da hannunsa, e tana komawa a'a, kunya kamar ya nutse. Wata biyu yana zana taswirar garin da ba ya wuce ƙarfe tara. Ya rubuta wa Mai Taya Huɗu, wannan karon babu layi uku na gaisuwa, ya ce da bakwai na safe ya auna, ya yi kuskure, a yafe masa. Amsar ta fi ta farko tsawo kaɗan. Mutumin ya ce ranar Lahadi ya ga e a taswira, ya sa aka kawo shi tun daga bayan tasha, ya yi rabin awa a rana yana kallon firji, sannan ya koma gida da yunwarsa. Ya ce ba komai, awon Baba yana da kyau, agogon ne babu. Mai Wasiƙa ya so ƙwarai ya tambaye shi ko shi wane ne, har ya fara rubutawa, sai ya ga bai da bakin tambaya yau, ya goge.

A hanyar gida ya yi tunanin ya haɗa baki da Dogo a bar firjin a ciki ranar Asabar, Malama ba za ta sani ba. Amma matar da ta yi shekara talatin tana kama masu satar amsa, wa zai ɓoye mata firji? Ranar da ta gano an shirya mata wuri kamar baƙuwar asibiti, shi ke nan an rufe babin. Yana shiga, maƙwabciya na fita, ya ja kujera ya zauna gabanta ya faɗa mata komai, har da rabin awar da wani ya yi a rana saboda shi.

Ya zaci za ta ce dama ta faɗa, a bar zancen. Sai ya ga ta gyara zama. Ta tambayi wane ne mai tebur da lema, ya ce ɗan mai wanki da guga ne, ta ce wannan da bai iya riƙe fensir ba yau shi ke buɗe cikin waya? Ta tambayi mai kayan roba ko har yanzu matar nan ce mai faɗa. Ta tambayi launin firjin. Rabon da ya ji ta jera tambayoyi haka a kan abin da ke wajen gida har ya manta. Can ta tambayi ƙarfe nawa ake tura firjin, ƙarfe nawa ake janye shi. Ya ce goma na safe da shida na yamma. Ta ce to su je da safen, ai Dogo yana dafa shayi, su sha su fito kafin goma. Abincin rana kuma a bar shi sai wani jiƙon.

Ranar Asabar ƙarfe takwas saura suka fito. Shi ya san wannan titin kamar tafin hannunsa, ya bi da keken ta inda babu rami, duk lokacin da wani ya taso gaisuwa yana tsoron kada mutum ya kai hannu. Ba wanda ya kai. A bakin ƙofar Dogo Malama ta ce ya sake ta. Ta sa hannunta mai lafiya a taya, ta tura, keken ya karkata hagu, ta ja da baya ta sake turawa, ya shige sumul. Dogo ya durƙusa har ƙasa yana gaisuwa, ta amsa, ta kalli allon da aka rubuta jerin abinci ta ce har yanzu bai daina cin harafi ba, a kawo alli. Aka kawo shayi da burodi. Ta sha a hankali tana kallon masu shigo da buhuna, tana tambayar kowa ɗan wane ne.

Goma saura kwata Mai Wasiƙa ya fara duba agogo. Saura minti biyar ya miƙe ya kama hannun keken. Ma'aikata biyu suna tsaye jikin firjin a cikin shago, sun rasa ko su tura ko su jira, Dogo kuma yana yi musu alama da ido cewa yau firji ya haƙura har Malama ta tashi. Ta gan shi sarai.

"Kai Dogo, ƙarfe nawa kuke tura abin nan?"

"Goma, Malama. Amma yau ba sauri."

"Goma ta yi. Ku tura kayanku."

Mai Wasiƙa ya sunkuyo ya rage murya, ya tuna mata cewa in firjin nan ya zauna aka loda shi babu fita sai shida na yamma, awa takwas cur, ga maganin rana yana gida. Ta sa hannu a gefen cinyarta ta zaro wata 'yar jaka ta ajiye a tebur. Maganin rana ne, da na la'asar, da tabaranta na karatu. Ya tsaya yana kallon jakar, don shi ya shirya Malama da safen nan kuma bai ga lokacin da ta ɓoye ta ba.

Ma'aikatan suka kalli Dogo, Dogo ya kalli Baba, Baba ya saki hannun keken. Aka tura firjin yana ƙara a kan siminti har ya zauna daram a gurbinsa, hasken ƙofar ya ragu rabi, aka fara jera kwalabe. Mai Wasiƙa ya koma kujerarsa ya zauna, idonsa ya cika da ƙwalla, ya cire tabarau yana gogewa kamar su ne suka yi laifi.

"Malam, bar goge-gogen nan ka juya ni," in ji Malama. "Ka ce da rana wani gari ne daban. Ina so in ga lokacin da yake fitowa."